Tsohuwar Kyamarar Fim: Yadda Ake Duba Ta Kafin Saye, da Gyaran da Za Ka Iya Yi a Gida

Kyamarar farko da na lalata ba tsufa ne ya kashe ta ba, ni ne. Na same ta a wajen wani dattijo da ya rufe shagon hotonsa tun shigowar wayar hannu, na kai ta gida, na ga ƙura a kan madubin ciki, sai na ɗauko gefen riga na goge. Ƙurar ta tafi, ta tafi da azurfar madubin. Garin neman gira na rasa ido. Tun daga ranar na gane cewa yawancin tsofaffin kyamarori abu biyu ke hallaka su: mugun ajiya da hannun mai gaggawar gyara. Saboda haka wannan jagora rabinsa koyon gyara ne, rabinsa koyon inda ake janye hannu.

Wace iri za ka fara nema

Ka fara da wadda ƙarfe da sifirin ke tafiyar da ita, wato wadda za ta ɗauki hoto ko babu batir a cikinta. Irin wannan, batir ɗin ma'aunin haske kawai yake ciyarwa. In ma'aunin ya mutu, kyamara na nan da ranta.

A ganina babu kamar Pentax K1000 ga mai koyo. An ƙera ta daga 1976 har zuwa 1997, da farko a Japan, sannan Hong Kong, daga ƙarshe a Sin. Waɗanda aka yi da farko murfinsu na sama ƙarfe ne kuma akwai sunan Asahi a goshinsu. Na ƙarshe an sauya musu da roba an cire sunan. Dukansu suna aiki, amma in ka samu zaɓi ka ɗauki mai ƙarfen. Saurin shatarta, wato labulen da ke buɗewa ya rufe don haske ya taɓa fim, daga daƙiƙa 1 ne zuwa 1/1000, batirinta kuwa LR44 ne ko SR44, irin wanda mai gyaran agogo ke sayarwa. Bayanta akwai Nikon FM ta 1977 da ƙanwarta FM2 ta 1982, Minolta SR-T 101 ta 1966, da Olympus OM-1 ta 1972, ƙarama mai sauƙin ɗauka. Akwai kuma Zenit-E ta Tarayyar Sobiyet, nauyi kamar dutsen guga, an yi miliyoyinta, ba ta da tsada, kuma idonta, wato gilashin gaba da haske ke bi ya shiga, mai suna Helios-44 yana fitar da hoton mutum da kyau. In kana son irin wadda ake rataya a ƙirji a leƙa ta sama, mai ido biyu, irin ta masu situdiyo na da, ka nemi Yashica Mat-124G. Ita fim mai lamba 120 take ci, hoto 12 a kowane naɗi.

Canon AE-1 ta 1976 kyamara ce mai farin jini, amma ba da ita zan ce ka fara ba. In babu batir ko motsi ba ta yi, kuma in lantarkin cikinta ya lalace babu abin da sukundireba zai yi mata. Haka kuma ka guji duk wadda aka daina yin fim ɗinta, kamar masu cin APS ko fim mai siffar faifai. Kafin ka biya kuɗi ka tabbata 35mm take ci ko 120, su ne har gobe Kodak da Ilford da Foma ke yi.

Wajen nema kuwa, kafin ka shiga intanet ka fara da tsofaffin masu hoto na garinku, da 'yan gwanjo, da adakar kakanka. Alhazai da ma'aikatan da suka je kwas ƙasar waje sun dawo da kyamarori da yawa da yau suke kwance a ƙasan akwati tare da tsofaffin takardu. In ka je wajen dattijon mai hoto kada ka shiga da maganar ciniki. Ka gaishe shi, ka ce "Baba, na ji an ce kun yi aiki da Yashica a da", ka bar shi ya ba ka labari. Sau da yawa abin da za ka koya a wannan zaman ya fi kyamarar daraja.

Dubawa kafin ka biya

Ka tafi da ƙaramar tocila da sabon batir a aljihu. Kada ka yarda da "tana aiki, jiya ma an gwada". Gani ya kori ji.

Da farko ka shinshina ta. Warin rima ko na tsohon ɗaki alama ce ta zauna cikin danshi, kuma inda danshi ya zauna funfuna ta riga ka. Sannan ka juya ta ka duba kusurwoyi: lotsewa a goshi ko a gindi na nufin ta taɓa faɗuwa. Ka dubi kawunan ƙananan sukurori. In sun cinye ko sun karce, wani ya riga ya shiga cikinta da kayan aikin da ba nata ba, kuma Allah kaɗai ya san abin da ya bari.

Na biyu, ka buɗe wurin batir. Farin gari ko kore-kore na nuna batir ya fashe a ciki. Kaɗan a bakin murfi ba komai ba ne, ana gogewa. In ya ci ƙarfen ya bi waya ya shige ciki, ka ɗauka ma'aunin haske ya tafi, ka rage kuɗi.

Na uku shi ne babba: shata. Ka ja maɓallin naɗe fim sama, bayan kyamara zai buɗe. Ka cire idon gaba, ka ja hannun ɗana shata, ka saita daƙiƙa 1, ka danna. Kunnenka zai ji ƙarar ƙananan haƙora na tafiya sumul, sannan labule ya rufe. In ta ja lokaci kamar mai jin barci, ko ta tsaya a hanya, tsohon mai ne ya daskare. Ka bi saurin ɗaya bayan ɗaya, 1/2, 1/4, 1/8, har sama, kowane ya zama kamar rabin wanda ya gabace shi. Da ka kai 1/500 da 1/1000 kunne ba ya iya rarrabewa, sai ido: ka fuskanci farin bango mai haske, ka leƙa ta baya, ka danna. Ya kamata ka ga walƙiyar haske ta cika murabba'in gaba ɗaya. In gefe ɗaya ya yi duhu, labule na biyu na kamo na farko kafin su ƙetare, kuma haka hotunanka za su fito, rabi baƙi.

Labulen K1000 da OM-1 da Zenit na yadi ne da aka shafa wa roba. Ka shiga wuri mai duhu, ka ɗaga madubi ko ka haska ta baya, ka duba ko akwai ƙananan huji kamar na allura. Ka duba kafin ɗana shata da bayan ɗanawa, domin labulen biyu ne. Kada yatsanka ya taɓa shi, musamman na Nikon FM2 da yake siraran ƙarfe ne masu lanƙwashewa da ɗan taɓi.

Wata ƙa'ida ga kyamarorin Sobiyet irin su FED da Zorki: kada ka taɓa sauya sauri sai ka ɗana shata tukuna. Mutane da yawa sun karya su a wajen gwaji kawai.

Na huɗu, ido. Ka buɗe ƙofar haskensa gaba ɗaya, ka haska tocila ta baya, ka duba ta gaba a karkace. Ƙura kaɗan ba ta hana hoto kyau, kowane tsohon ido na da ita. Abin tsoro uku ne. Funfuna, wadda take kama da saƙar gizo-gizo ko jijiyar ganye. Hazo, kamar an hura wa gilashi numfashi bai washe ba. Sai rabuwar gilasai biyu da aka manne, wadda ke nuna launin bakan gizo daga gefe. Wannan ba ta gyaruwa a gida, ka bar musu kayansu. Bayan haka ka juya zoben ƙofar haske zuwa 16, ka taɓa ɗan ƙarfen da ke bayan idon, ka ga ganyayyakin na rufewa da buɗewa farat ɗaya. In suna sheƙi da mai ko suna jan ƙafa, akwai aiki.

Na ƙarshe, ka leƙa tagar dubawa. A OM-1 musamman, in ka ga tabo kamar tsatsa a ƙasan hoton, wani soso ne da kamfanin ya sa a kan gilashin goshi ya ruɓe ya cinye azurfarsa. Ba ya fitowa a hoto, amma yana ci gaba da yaɗuwa in ba a cire soson ba.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Ƙananan sukundirebobi, abin hura iska na roba, burushi mai laushi, audugar kunne, tsinken sakace, matsefata, sifirit mai ƙarfi irin isopropyl, man laita, ruwan kal, da farantin ƙwai ko tiren ƙanƙara don jera sukurori bi da bi.

Maganar sukundireba tana buƙatar ɗan tsayawa. Sukurorin kyamarorin Japan masu kan gicciye ba irin Phillips ba ne ko da yake sun yi kama. Ma'auninsu JIS ne. In ka sa musu Phillips yana zamewa ya cinye kan, shi ya sa kake ganin kyamarori da yawa da sukurori kamar ɓera ya gwaguya. Ka nemi mai alamar JIS. In ka rasa, ka danna da ƙarfi ƙasa kafin ka murɗa, a hankali.

Abin da ba zai shiga ɗakin aikinka ba: WD-40, man keken ɗinki, man inji, da gam mai kamawa nan take. Mai yana malala ya kai labule da gilashi, shi kuwa gam ɗin tururinsa na barin farin tabo a kan duk gilashin da ke kusa.

Gyara na farko: soson toshe haske

Cikin tsofaffin kyamarorin Japan da wuya ka samu wadda ba ta buƙatar wannan, kuma shi ne gyaran da kowa zai iya. A bakin ƙofar baya akwai siraran kwaruruka biyu, sama da ƙasa, da wani wuri kusa da maƙalar ƙofa, duk an shimfiɗa musu baƙin soso don kada haske ya saci hanya. Bayan shekara talatin ko arba'in soson na narkewa ya zama kamar kwalta. Ka taɓa da tsinke. In ya manne, lokacinsa ya yi.

Ka fara da rufe tagar shata da ɗan kwali, ka manne gefensa da tef mara ƙarfi, don kada ɓarɓashi ya faɗa kan labule. Ka ɗiga sifirit ko man laita kaɗan a cikin kwararon, ka jira minti ɗaya ko biyu ya jiƙa, sannan ka bi da tsinken sakace kana kankarewa. Kada ka yi amfani da allura ko wuƙa, za su cire baƙin fenti, ƙarfe ya bayyana ya riƙa mayar da haske. Ka naɗa ɗan ƙyalle a bakin tsinke ka yi ta bi har ya fito fes. Wannan shi ne aikin gaskiya, yana iya cin awa ɗaya, kuma in ka gaji ka bar saura sabon ba zai zauna ba.

A kwararon sama, wajen dama, akwai wani ɗan ƙarfe da ya leƙo. Shi ke mayar da ƙidayar hoto zuwa farko idan an buɗe ƙofa. Kada ka binne shi. Ka tsallake shi.

Ana sayar da soso da aka yanka daidai kowace kyamara, amma ba dole ba ne. Baƙin zaren ulu irin na saƙar hular sanyi yana zama cikin kwararo daram, ba ya narkewa, ba ya ma buƙatar gam in ka danna shi da kyau. Wajen maƙalar ƙofa kuwa ka sa soso ko baƙin yadi mai gashi, kauri milimita 1 zuwa 1.5. In ƙofa ta ƙi rufuwa sai da ƙarfi, ya yi kauri, ka rage. Ka rufe ta ka bar ta kwana ɗaya ya zauna.

Saura guda: a saman akwatin madubi, ta gaba, akwai wani ɗan soso da madubi ke bugawa in ya tashi. Nan ne wurin haɗari, domin yana manne da allon saita hoto, wanda roba ne mai siraran zane. Digon sifirit ɗaya ya isa ya ɓata shi har abada. Ka kifa kyamarar yadda ɓarɓashi zai faɗo waje, ka cire da matsefata a bushe, audugarka ta zama mai ɗan laima kawai.

Madubi, batir da ma'aunin haske

Madubin kyamara ba irin na ɗaki ba ne. Azurfarsa a saman gilashi take, babu abin da ya kare ta. Iska kawai za ka hura masa. Ƙurar da ke kansa ba ta shiga hoto ko kaɗan, tunda yana ɗagewa kafin a ɗauka. Da na san haka da kyamarata ta farko tana nan.

Wurin batir da ya yi gari, ka tsoma audugar kunne a ruwan kal, ka matse, ka goge, sannan ka bi da sifirit ka bar shi ya bushe. Sau da yawa ma'aunin da aka ce ya mutu nan take yake farfaɗowa.

OM-1 da SR-T 101 da Yashica Mat-124G an yi su ne don batir mai sinadarin makuri, PX625, mai ƙarfin bolt 1.35, wanda aka daina yi saboda gubarsa. In ka sa na yau mai 1.5 allura za ta motsa amma ƙarya za ta riƙa yi maka. Mafita mai sauƙi ita ce batirin na'urar ƙara ji mai lamba 675, wanda ƙarfinsa ya kusa daidai. Ya fi wancan ƙanƙanta, sai ka zagaye shi da zoben roba ya zauna tsakiya, kuma ba ya daɗewa da zarar ka ɓare takardar bayansa. K1000 ba ta da wannan matsala, amma tana da tata: ba ta da makunni. Muddin ido a buɗe yake tana shan batir, murfin ido shi ne makashinta. Zenit-E kuwa ma'auninta ba ya cin batir sam, da hasken rana yake aiki, kuma yawancinsu sun gaji.

In ma'auni ya ƙi, kada ka damu. Akwai manhajojin waya masu auna haske, akwai kuma tsohuwar dabarar masu hoto: a rana tsaka mai haske, ƙofa a 16, sauri kuma lambar da ta fi kusa da lambar ƙarfin ɗaukar haske (ISO) da ke kan kwalin fim. Fim mai 200, ka sa 1/250. Gajimare ya rufe, ka buɗe zuwa 8. Inuwar zaure ko ƙarƙashin bishiya, 5.6 ko 4.

Inda za ka tsaya

Shata mai jan ƙafa wani lokaci tana warwarewa in ka yi ta ɗanawa kana dannawa sau hamsin ko ɗari. In ba ta warware ba, tana buƙatar a kwance a wanke a sa mai na musamman, ɗigo kamar kan allura a wuraren da aka sani. Wannan ba aikin mai koyo ba ne. Haka kukan da AE-1 ke yi kamar tari in an danna ta. Busasshen haƙori ne a cikin na'urar madubi, kuma masu tsiyaya mai ta rami a makance sun ɓata fiye da waɗanda suka gyara.

Funfuna in tana kan gilashin gaba ko na baya, ana iya kwance zoben a goge da ruwan haidurojin na kemis. In ta daɗe takan cinye rufin gilashin, tabon ya zauna ko an kashe ta. Kada ka kwance zaren da ke juya saitin nesa da kusa ba tare da ka yi alama ba. Yana da mashiga da yawa, ɗaya ce kawai daidai.

Kyamara mai filasha a jikinta kuwa kada ka buɗe ta ko kusa. Akwai ma'ajiyar wuta a ciki da ke riƙe bolt wajen 300 ko an cire batir.

In kana son koyon shiga ciki, ka sayi matacciyar Zenit ka yi karatu a kanta, kana ɗaukar hoton kowane mataki da waya. In kuma aikin ya fi ƙarfinka ba ka samu mai gyaran kyamara ba, tsohon mai gyaran agogo ya fi mai gyaran waya fahimtar abin da ke ciki. Sana'ar ba baƙuwa ba ce a yankinmu: Malick Sidibé na Bamako, wanda hotunansa suka zagaya duniya, ya yi shekaru yana gyaran kyamarori a shagonsa, kantocinsa cike da su.

Naɗin gwaji

Kada ka kai kyamarar da ba ka gwada ba wajen biki ko suna. Ka sa fim mai araha, sabo ba wanda ya wuce wa'adi ba, don in an samu matsala ka san daga ina take. Bayan ka rufe ƙofa ka lura: duk lokacin da ka ja hannu, maɓallin naɗewa na hagu ya juya. In bai juya ba fim bai kama ba, za ka yi ta ɗaukar iska.

Ka ɗauki abu ɗaya da sauri daban-daban kana sauya ƙofa daidai da shi, misali 1/125 a 16, 1/250 a 11, 1/500 a 8, 1/1000 a 5.6. Duk huɗun ya kamata su fito da haske ɗaya. Ka rubuta komai a takarda. A tsakiyar naɗin ka rufe ido da murfi, ka fita rana ka jujjuya kyamarar minti biyu, sannan ka ci gaba. In an wanke, ka karɓi dodon hoton ka duba shi da kanka, kada ka tsaya ga wanda aka turo maka a waya. Tabon da ya ƙetare hoto ya kai har ramukan gefe haske ne ya sato ta baya, soso bai zauna ba. Hotuna na hawa kan juna, na'urar jan fim ce. Dogon karce daga farko har ƙarshe, akwai tsakuwa ko tsatsa a hanyar fim.

Ajiya a ƙasar ƙura da damina

Masu rubutu daga Turai danshi kawai suke tsoro. Mu abokan gaba uku gare mu, kowane da lokacinsa. Da hunturu ƙura ce mai laushi kamar gari, tana shiga ko'ina, in ta haɗu da giris ta zama kamar yashin goge ƙarfe. Kada ka sauya ido a waje in iska na kaɗawa, kuma kullum ka hura kafin ka goge. Da bazara zafi ne: kyamarar da aka bari a mota giris ɗinta na narkewa ya gangara kan ganyayyaki, fim kuma launinsa ya gurɓace. Ido mara murfi in ya kalli rana yana iya ƙona labulen yadi a kyamarorin da ba su da madubi a tsakani, irin su Zorki da Leica, kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashi. Da damina kuwa funfuna ce.

Ka fitar da kyamara daga jakar fatarta, domin fata na riƙe laima. Ka samu robar abinci mai murfi mai kamawa, ka zuba ƙullin silika, irin ƙananan ƙwayoyin da ake samu a kwalin takalmi ko magani, ka sa ɗan ma'aunin danshi in da hali. Tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari ake so. Silika in ta ƙoshi ana busar da ita a wuta mara ƙarfi a sake amfani da ita. Wadda ta riga ta kamu da funfuna a ware mata robarta daban. Ka cire batir, ka bar shata a sake ba a ɗane ba, kuma duk wata ka fito da kowace ka danna ta a kowane sauri.

Wannan na ƙarshe shi ke sa nake ba masu tarawa shawarar kada su wuce adadin da za su iya juyawa. Gara ka tsaya a gida ɗaya, misali Pentax masu bakin K ko masu bakin zare M42, yadda ido ɗaya zai hau jiki uku, matacciya kuma ta ba mai rai kayan gyara. Kowace ka buɗe mata shafi a littafi: lambar jikinta, inda ka samo ta, wanda ya riƙe ta kafin kai, ranar da ka sauya soso. Fim kuma a firiji cikin leda mai ɗaurewa. In ka fito da shi ka ba shi awa ɗaya ko biyu ya huce kafin ka buɗe gwangwaninsa, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a kansa.